Tankar Saja Sale

Kusan duk wanda ya leƙo shagona a Nguru, musamman ku matasa, maganarsa ta farko ɗaya ce: wai ai wannan wasan yara ne, an riga an ƙera komai a ƙasar waje, ni mannawa kawai nake yi. Ba na jin haushi. Wataƙila da ni ma daga bakin ƙofa nake kallo, haka zan ce. Kwali ne ake sayowa, a cikinsa akwai ƙananan guntayen roba masu yawan gaske, manne a jikin wani firam da muke kira reshe, sai takardar da ke nuna inda kowane guntu zai shiga. In ka haɗa su daidai ka yi fenti, za ka sami tankar yaƙi irin ta da, wadda aka rage girmanta sau talatin da biyar. Na fi shekara ashirin ina wannan aiki, in ban yi kuskuren lissafi ba. Maimakon in yi ta jayayya da ku, bari in ba ku labarin aiki guda ɗaya, wanda na yi wa wani tsohon soja a Gashuwa don in gyara ɓarnar da bakina ya yi masa.

Wata Asabar ce na kai wa wani shugaban makaranta tanka ƙirar Rasha, wadda ake kira T-55, zai ajiye ta don darasin tarihi. Na isa Gashuwa ban same shi ba, aka ce sai bayan la'asar zai dawo. Sai na zauna jira a wata majalisa ƙarƙashin bishiyar maina, kusa da masallacin unguwarsu. Dattawa ne wajen takwas a kan tabarma. Suka ga yadda na rungume kwali a cinya na ƙi ajiyewa ƙasa, suka tambaye ni ko ƙwai ne a ciki, na buɗe na nuna musu.

Wani dogon dattijo siriri, wanda yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, ya sunkuyo har hancinsa ya kusa taɓa igwar. Shi ne Saja Sale. Ya ce aiki ya yi kyau, amma wadda ya tuƙa lokacin da aka kai su Laberiya ba haka take ba. Tasa ƙarama ce, mutum uku ke shiga. Injinta a gaba yake, a gefen damansa, zafinsa har ya hana gashi tsirowa a damtsensa. Kuma jikinta ba baƙin ƙarfe ba ne, alminiyam ne, ko mayen ƙarfe ba ya kama ta.

Akwai wani Alhaji Musa mai kifi a wurin, taubashin Saja ne, tun suna yara suke tsokanar juna. Ya tafa hannu ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Alminiyam, ga wuta a gefen dama. Saja, ai labarin tukunya kake ba mu. Na daɗe ina gaya muku kuku ne a bariki." Sai ya juyo gare ni. "Malam, an ce kana da digiri, kuma ga shi tanka ce sana'arka. Tsakaninka da Allah, akwai tankar da ake yi da ƙarfen tukunya?"

Na ce masa ni dai a iya sanina, kuma ba komai na sani ba, duk tankokin da na taɓa haɗawa injinsu a baya yake, kuma da baƙin ƙarfe aka yi su. Na ƙara da cewa mai yiwuwa akwai wadda ban sani ba. Amma wannan ƙarin babu wanda ya ji shi, dariya ta riga ta rufe wurin. Saja kuwa ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa da butarsa ya nufi masallaci, alhali da sauran lokaci kafin a kira salla. Ni kuma na miƙa aikina ga mai shi, na hau mota na dawo Nguru, ban sake tunawa da zancen ba.

Bayan kamar wata biyu wata mata ta yi sallama a shagona. Ta ce sunanta Hajara, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Saja Sale. Ta ce tun ranar nan mahaifinta bai sake zama a majalisa ba. Ya koma yin salla a wani masallaci mai nisa, duk da idonsa, kuma ko taron suna aka yi a unguwa sai dai ya aika da saƙo. A da in Alhaji Musa ya kira shi kuku, ramawa yake yi a yi dariya a tashi. Yanzu kuwa magana ta tashi daga wasa, ana cewa har malamin Nguru mai digiri ya tabbatar da cewa Saja bai taɓa shiga tanka ba. Takardunsa na soja gara ta ci rabi, ragowar kuma muƙami da lamba kawai suka nuna, ba su faɗi abin da ya tuƙa ba. Abokan aikinsa da ya sani, waɗanda ba su rasu ba ya rasa inda suke.

"Malam, ba rigima ta kawo ni ba," in ji ta. "In Baba ƙarya yake yi, ka gaya mini in haƙura. In kuwa gaskiya ya faɗa, to inda ka faɗi maganar farko, nan za ka je ka faɗi ta biyu."

Na ce mata ba zan iya yi mata alkawarin abin da zan gano ba, amma zan bincika, kuma duk abin da na samu zan faɗa a gaban mutane.

Ya kamata in ɗan koma baya, don ku san ba a haka aka koya mini aiki ba. Bayan na gama karatun tarihi na dawo gida ina jiran aikin gwamnati, sai na riƙa zama wurin Baba Kyari mai gyaran agogo, kusa da tashar jirgin ƙasa, Allah ya ji ƙansa. Shi ya fara kawo irin waɗannan kwalaye Nguru, a cikin kayan gwanjo yake tsinto su in ya je Kano. Sati shida na yi a wurinsa bai bar ni na taɓa gam ba. Aikina in yanke guntu daga reshe, in kankare ɗan tudun da ya rage da reza, in goge da sanfefa har sai farcensa ya bi ta kai bai ji komai ba. Ranar da ya fara ba ni gam, wata tankar Amurka muke haɗawa. Na gama tayoyin hagu lafiya, sai na ɗauka na dama ma haka suke, ban sake duba takarda ba, na manna. Ashe akwai wani ƙarfen riƙe taya da ke fuskantar baya, ni na juya shi gaba. Gam ɗinmu narkar da roba yake yi, guntu biyu su zama ɗaya, don haka babu ɓamɓarewa. Baba Kyari bai yi mini faɗa ba. Ya miƙo mini ƙaramin zarto irin na masu zoben azurfa, na kwana uku ina yanke abin da na manna cikin minti ɗaya. Daga nan ya kafa mini doka: kowane guntu sai na gwada shi sau biyu babu gam, kuma kada in yanke hukunci a kan gefen da ban duba ba don kawai na ga ɗayan. A hannu na kiyaye wannan doka shekara da shekaru. A majalisar Gashuwa ce bakina ya karya ta.

Abin da na fara yi shi ne na roƙi Hajara ta zauna da mahaifinta ta rubuta duk abin da ya tuna game da tankar, kada ta ambaci sunana. Ta aiko mini shafi huɗu. Tayoyi biyar a kowane gefe. Taya mai haƙora, wadda ke jan sarƙar da tanka ke tafiya a kai, a gaba take. Babu sitiyari, liba biyu ake ja. Salansa a gefen dama. Gudunta ya fi na a-kori-kura a hanyar Jakusko. Na baje tsofaffin mujallun da na gada wurin Baba Kyari, na yi ta bincike a waya, kusan sati uku ban sami komai ba. Daga baya na gane inda nake kuskure. Masu saye a wurina, shugabannin makarantu da hafsoshin da ake yi wa kyautar ritaya, manyan tankoki suke so, masu doguwar igwa, don haka su kaɗai na sani kuma a cikinsu nake ta nema. Da na koma kan ƙanana, waɗanda ake aikawa leƙen asiri, a rana ɗaya na same ta. Ƙirar Ingila ce, ana kiranta Sikofiyon, wato kunama, kuma sojojin ƙasar nan sun yi aiki da ita. Na bi shafukan Hajara layi-layi, sau biyu. Ban sami wuri ɗaya da Saja ya kauce ba.

Da farko na yi niyyar in je in nuna musu hoto a waya kawai. Hajara ta ce Alhaji Musa zai ce ai waya ko jaki mai fiffike aka nema za ta nuna, kuma idon Baba ba ya ganin waya. Sai na ce to zan haɗa tankar in kawo. Amma da na kwana da wannan shawara sai na ga raminta. In na haɗa ta a Nguru, ni kaɗai a shago, me zai hana a ce na bi bayanin Saja ne na sa injin inda yake so, don in wanke kaina? Ni ma da aka kawo mini irin wannan shaida, sai na yi shakka. Hanya ɗaya ta rage, in kai kwalin a rufe kamar yadda ya fito daga inda aka yi shi, a buɗe a gaban majalisa, in haɗa tankar a kan tabarmarsu suna kallo. Ban taɓa aiki a waje ba, balle a gaban mutane.

Ta hannun wani ɗan kasuwa a Kano na yi odar kwalin, ya ɗauki kusan wata uku kafin ya iso. Ya kuwa iso a shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata. Damina ta yi ƙarfi, koguna suka cika suka tumbatsa. Ruwa bai shigo shagona ta ƙofa ba, ta ƙasa ya tsattsafo, ya jiƙa kwalayen da na jera a daɓe. Roba ba ta jin ruwa, amma takardun haɗi suka manne da juna, lambobin da ake liƙawa a jikin tanka suka narke, fenti ya ƙi bushewa saboda laima. Makarantun da ke saye a wurina wasu an rufe su, an saukar da waɗanda gidajensu suka rushe a ciki. Wata huɗu babu wanda ya nemi tanka. Da ƙera wa wani magini samfurin gidaje da kwali na riƙe gida. Hanyar Gashuwa kuma ruwa ya yanke ta a wani wuri, sai mota ta sauke ka, ka shiga kwalekwale, ka nemi wata motar a ɗaya gefen.

Maiɗakina ta ce in bari ruwa ya janye mana, tanka ba za ta gudu ba. Magana ce mai hankali, na kusa bin ta. Amma Hajara ta bugo waya ta ce yanar ta fara taɓa ɗaya idon mahaifinta, kuma ba a san ranar da za a yi masa aiki ba. Na naɗe kwalin da takardar buhun siminti don a rufe hoton da ke bayansa, na sa a leda biyu, na ɗora a kai a cikin kwalekwale. A shingen bincike na kan nuna takardar da ke bayanin sana'ata kafin ma a tambaya, saboda a yankinmu mutum ba ya yawo da zanen tanka a jaka haka kawai.

Asabar ta farko da ƙyar Hajara ta shawo kan Saja ya fito. Ya zauna can bakin tabarma, rabin jikinsa a rana, ya amsa gaisuwata a taƙaice. Na shimfiɗa farin ƙyalle a cikin babban tire mai baki, na jera kayan aiki: abin yanke farce don cire guntu daga reshe, reza, sanfefa mai laushi da na manna a jikin tsinke, matsefata ta ɗaukar ƙananan guntaye, tsinken sakace don ɗiga gam, burushi uku, ƙusa da kyandir. Ba ni da wani kayan aiki da ya wuce waɗannan, har yau. Na miƙa wa Alhaji Musa kwalin na ce ya duba ledar da aka liƙe shi da ita, in ya gamsu ba a taɓa buɗewa ba ya yanke da hannunsa. Ya jujjuya shi, ya shinshina, ya ce an naɗe shi kamar bandar da za a kai Legas, sannan ya zaro wuƙarsa ya farke.

Na faɗi sharaɗi. Takardar haɗi a hannun Alhaji Musa za ta zauna, tunda zane ne, ba sai an iya Turanci ba. Kafin in yanke kowane guntu, Saja zai faɗi abin da ke wurin, Alhaji ya duba.

Saja ya gyara zama. Can ya ce, yana kallon wani wuri daban, "Ƙirga tayoyi. Biyar kowane gefe, kowace biyu ce a haɗe. Mai haƙora a gaba."

Alhaji Musa ya bi zanen da yatsa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Ya ce to, biyar ne, amma ai ko kuku yana wuce tanka in za shi ɗebo ruwa, ƙirga taya ba tuƙi ba ne. Aka yi dariya, sai dai ba kamar ta ranar farko ba. A ranar, tayoyi kawai na yi. Kowace sai an kankare layin da ya zagaye ta, a haɗa biyu, a tabbatar ba ta karkace ba. Wani dattijo ya ce shi ya ɗauka kafin la'asar za a gama a ba yara su ja da zare. Na ce masa in Allah ya yarda Asabar huɗu, wataƙila biyar. Kwalin kuma a gidan Alhaji Musa na bar shi, don kada a ce na sauya wani abu a hanya.

Asabar ta biyu muka zo kan saman gangar jiki, wato wurin da rigimar take. Kafin in ɗaga reshen, Saja ya ce murfin direba yana hagu, gefe ake tura shi ba sama ba, ragar da injin ke shan iska tana dama da shi, salansa kuma ta bi gefen dama ta yi baya. Na yanke guntun na ɗora a tafin Alhaji Musa. Raga tana gaba, a dama. Ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙa wa na kusa da shi, ya zagaya majalisa hannu zuwa hannu har ya kai ga Saja. Shi bai kai shi ido ba, da ɗan yatsa ya bi ta kai, ya tsaya a kan murfin.

A ranar ce madubin da direba ke leƙen hanya ta cikinsa ya ɓace. Guntu ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Na matse shi da matsefata fiye da kima, ya yi tsalle ya wuce bakin tire ya faɗa cikin rairayi. Wannan shi ne abin da nake tsoro tun farko. Dattawan nan suka durƙusa, aka aika gida aka kawo rariya, aka tace rairayin gaban tabarma kaf, ba a gan shi ba. Sai na yanki guntun reshe, na gasa shi a kan kyandir har ya yi laushi, na ja shi ya sirance, na yanka, na fere da reza. Na farko Saja ya taɓa ya ce ya yi tsawo, da haka yake da ya fasa masa goshi duk lokacin da aka faɗa rami. Na biyu ya ce faɗin bai kai ba. Na uku ya shafa shi, ya miƙo mini ya ce, "Wannan ya yi." Wannan ita ce magana ta farko da ya yi da ni kai tsaye tun da na fara zuwa.

Sarƙa ita ce aikin Asabar ta uku. Roba ce mai laushi wadda gam ba ya kamawa, sai an zagaya ta kan tayoyi, a zura 'yan ƙusoshinta a rami, a gasa kan ƙusa a wuta a danna su narke. In ƙusar ta yi zafi da yawa ta huda, in ba ta yi ba ta ƙi kamawa, kuma sarƙa biyu kawai ke cikin kwali. Bayan nan na so in fara fenti, amma hadari ya haɗo, iska ta yi nauyi. Na san in na shafa a wannan laima zai yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Na ce ba zan yi ba. Alhaji Musa ya ce na ƙetare ruwa tun daga Nguru don in zo in ce ba zan yi ba? Na ce e, gara in sake ƙetarewa.

Da yake akwai sauran lokaci, sai muka shiga cikin tankar. Kwalin bai zo da kayan ciki ba, fanko ne. Saja ya kwatanta kujerarsa, da liba biyu, da bangon da ya raba shi da injin. Na yanka su daga tsohon katin waya da wayar rediyo. Amma na gaya wa majalisa a fili cewa wannan ɓangare ba daga kwali ya fito ba, daga bakin Saja ne, don haka kada a ɗauke shi shaida. Alhaji Musa ya ce in sa kawai, wa ya tambaye ni. Na lura a ranar Saja ya ɗan matso cikin inuwa, ko da yake ban sani ba ko rana ce ta kore shi.

Sai a Asabar ta biyar aka gama, don ta huɗu fenti kawai na yi na bar shi ya sha iska. Takarda ta ce kore ɗaya, Saja ya ce tasu akwai baƙaƙen faci, kuma ƙasan kullum cikin jar laka yake. Ba ni da hanyar tabbatar da wannan, amma zuwa lokacin ba ni da dalilin shakka, na bi nasa. Lakar da garin jan bulo na yi ta, na kwaɓa da ɗan gam na ɗiɗɗiga da tsohon burushi. Mutane sun fi na kullum yawa a ranar, har da waɗanda ba 'yan majalisar ba. Hajara tana tsaye daga nesa, a ƙofar wani gida.

Na ɗora tankar a tsakiyar tire. Alhaji Musa da kansa ya ce to, saura maganar tukunya. Roba dai roba ce, ba za ta nuna ƙarfen da aka yi ta asali da shi ba. Na ce a shafin farko na takardar da ke hannunsa akwai ɗan tarihin tankar da Turanci, ya zaɓi wanda ya yarda da shi ya karanta, ban da ni. Ya miƙa wa wani malamin firamare mai ritaya da ke zaune kusa da shi. Malamin ya gyara tabarau, ya karanta a hankali, ya fassara: an yi jikinta da alminiyam don ta yi sauƙi, jirgin sama ya iya ɗaukarta, ta kuma bi ta ƙasa mai taushi ba ta nutse ba. Alhaji ya ce ya sake karanta wurin. Ya sake.

Na miƙe tsaye, don a zaune na faɗi maganar farko kuma ba a ji ƙarshenta ba. Na ce, "Jama'a, ranar da na zo nan na ce tanka injinta a baya yake kuma da baƙin ƙarfe ake yin ta. Kuskure na yi. Saja ya faɗi abin da ya sani, ni na faɗi abin da ban bincika ba. Baba, ka yafe mini."

Saja ya ɗaga hannu kaɗan ya sauke. Sai wani daga cikin baƙin da suka tsaya a baya ya leƙo ta murfin da na bari a buɗe, ya ga kujera da liba, ya tambaya ina direban, ko ba a sa mata mutum ba ne. Na fara bayani cewa a wasu kwalaye akan sako 'yan mutum-mutumin sojoji, amma ni ba na haɗa su, saboda abu mai siffar mai rai malamai sun yi magana a kansa, kuma ni dai na zaɓi in kauce. Ban kai ƙarshe ba Alhaji Musa ya katse ni, yana ninke takardar.

"Wane direba kuma kuke nema? Ba ga shi nan a zaune ba?"

Saja ya dafa sandarsa ya tashi. Na ɗauka tafiya zai yi. Sai ya tako tsakiyar tabarma, ya tsaya a kan Alhaji Musa, ya zungure shi da sandar a cinya.

"Matsa ka ba ni wurina, Musa. Wata nawa kana zaune a nan, duk ka sa ya ɗauki ƙarnin kifi."

Alhaji ya matsa. Ni kuma na tattara reza da burushina a ƙyalle, don masu kwalekwale ba sa jiran kowa in magariba ta gabato.